Wa Za Ka Tambaya Kan Ƙaramar Mesa a Kaduna: Mai Sayarwa, Intanet ko Likita?

Wanda ya ajiye ƙaramar mesa a gida ba ya rasa masu ba shi shawara, musamman ranar da ta ƙi cin abinci. Wanda ya sayar masa zai ce a ƙyale ta, haka suke. Wani Bature a bidiyo zai ce a ƙara mata zafi. Mai kemis zai miƙo kafso. Maƙwabta kuma, in labari ya kai musu, za su ce a kashe ta kowa ya huta. Dukkansu da gaske suke, amma a cikin shawarwarin nan akwai wadda za ta iya halaka dabbar cikin 'yan kwanaki.

Ina magana ne kan mesar da masana ke kira Python regius, wadda in ta tsorata take dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiya. Ba ta da dafi. Babbarta ba ta cika wuce mita 1.5 ba, kuma in ta samu kulawa takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mutum. A gidan namun daji na St. Louis da ke Amurka, wata da aka ƙiyasta ta kai shekara 62 ta yi ƙwai a 2020. 'Yar ƙasa ce, ana samunta daga Senegal har Uganda, tana fakewa a ramin ɓeraye da tsohon suri. Sai dai kusan duk abin da aka rubuta kan kiwonta an rubuta shi ne a Amurka da Turai, inda aka daɗe ana kai su daga Ghana da Togo da Benin. Masu rubutun nan sanyi suke yaƙa a gidajen da wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa namu yaƙin daban ne, kuma nan ne ruɗanin yake farawa.

Abin da za a auna kowace shawara da shi

Na farko kuɗi, kuma ba na shawarar kaɗai ba, har da abin da binta zai ci. Na biyu ɗorewa: za ta yi aiki bana da baɗi, kuma mai ba da ita yana nan in an koma masa? Na uku sauƙin samu, musamman da dare ko ranar Lahadi. Na huɗu haɗari, ga mesar da kuma mutanen gida. Na biyar, wanda ya fi duka nauyi a wurina, shi ne ko mai shawarar ya san yanayin Kaduna.

Abin da mesar nan take buƙata sananne ne. Gefe guda na akwatinta ya yi ɗumin digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Selshiyos, ɗaya gefen ya tsaya tsakanin 24 da 27, don ta riƙa zaɓa da kanta. Laimar iska ta kai kashi 60 cikin ɗari, ta ɗara haka lokacin saɓa. A sa mata maɓoya biyu masu matse jiki, ɗaya a kowane gefe, da kwanon ruwan da za ta iya shiga.

To ɗora wannan a kan shekarar Kaduna. Da damina laima ta wadata, abin tsoro shi ne shimfiɗa ta jiƙe ta zauna a jiƙe har fatar cikin mesar ta fara ruɓewa. Da hunturu, a Disamba da Janairu, iska takan bushe har laima ta sauka ƙasa da kashi 20, dare kuma ya yi sanyin da ya wuce abin da take jurewa. A lokacin ne za ka ga saɓa tana fita gutsi-gutsi maimakon ta sulluɓe gaba ɗaya, wani ɓawo ya manne a ido, wani ya ɗaure bakin wutsiya. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 35, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano babu silin ya fi haka, kuma mesar da ke rufe a akwati ba ta da ramin da za ta gudu. Ke nan kulawa uku ce a shekara guda. Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya ya ce ka riƙe ta wata goma sha biyu, bai san garin nan ba.

Saboda haka kafin ka nemi bakin kowa, ka mallaki ma'aunin zafi da na laima, waɗanda akan samu a haɗe cikin 'yar na'ura mai batir, da sikelin kicin, da littafin da za ka riƙa rubuta ranar ci da ranar saɓa da nauyi. Su ne alƙalai tsakaninka da duk mai shawara.

Mai sayarwa, gardi da mafarauci

Kyauta ce shawararsu, kuma sun fi kowa kusa. Ba na raina saninsu. Mafarauci ya san inda take kwana da lokacin da take fitowa, gardi ya san yadda ake riƙe maciji ba tare da an firgita shi ba. Amma saninsu na kamawa ne da ajiyar 'yan makonni. Mesa tana iya yin watanni ba ta ci ba kuma ta ci gaba da motsi, don haka wanda ya ajiye ta a kwando wata biyu ya ga ba ta mutu ba zai ɗauka hanyarsa daidai ce, alhali ramewa take yi a hankali. Daga nan ake jin a ba ta ƙwai ko madara ko tsokar nama. Abincinta dabba ce sukutum, da ƙashi da gashi da kayan ciki, wadda kaurinta bai wuce wurin da jikin mesar ya fi kauri ba.

Haɗarin wannan hanya ya wuce batun abinci. Wadda aka kamo daga daji takan zo da kaska a tsakanin ɓawon fata da tsutsar ciki, kuma ta fi taurin kai wajen karɓar abinci. Akan kuma sayar wa mutum jaririyar babbar mesa a matsayin ƙarama, ita kuwa tana iya haura mita 4. Mafi muni shi ne wanda bai ƙware ba ya ga maciji mai kauri da zane a gona ya kai hannu, ashe kasa ce.

Ga kuma doka. Dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta lissafa mesa cikin dabbobin da aka hana farauta da cinikinsu yadda aka ga dama, kuma mesar tana cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar da ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Mai sayarwa ba zai ɗauko maka wannan zance ba. Hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli a ƙasa, ita ce ke sa ido a kai, ita ya kamata a tambaya.

Bidiyo da ƙungiyoyin intanet

Nan ne yawancinmu muke fara zuwa, kuma akwai dalili. Kuɗin data ne kawai, ƙarfe biyun dare ma za ka samu mai amsawa, kuma gani ya kori ji: bidiyo zai nuna maka yadda idon mesa yake yin hazo kafin saɓa, ka daina zaton makancewa ta yi. A YouTube da Facebook akwai mutanen da suka yi shekaru suna kiwo, ilminsu na gaske ne.

Tarko na farko lambobi ne. Ba'amurke in ya ce 90, ma'aunin Farenhait yake nufi, wato kusan 32 a namu. Na biyu, zai ce ka bar shimfiɗar ɗumi ta lantarki a kunne dare da rana. A gidansa daidai ne. A Tudun Wada cikin Afrilu, wannan dafa dabbar ne da ranta. Ko da hunturu ma, duk abin ɗumamawa sai an haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai iyaka, don maciji yakan kwanta a kan abu mai zafi har ya ƙone bai matsa ba. Kuma wutar da akan ɗauke tsakar dare ta dawo da asuba tana buƙatar wani tanadi, ko sola ko gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma aka jingina a wajen akwatin.

Na uku abinci. Masu kiwo a Amurka da Turai suna sayen ɓerayen da aka kiwata, aka daskarar, su ajiye a firiza wata da watanni. Wanda bai da tsayayyar wuta, firizarsa ta narke ta sake daskarewa, ruɓaɓɓen abinci zai ba mesarsa. Sai mutum ya ce to bari ya ɗana tarko a sito. Kada ka yi. Ɓeran gida yana iya kasancewa ya ci guba, kuma ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ke tashi a ƙasar nan duk rani. Baturen da ke cikin bidiyo bai taɓa tunanin wannan ba. Mafita ita ce fararen ɓeraye na kiwo, irin waɗanda ake amfani da su wajen bincike a jami'o'i, ko ka kiwata naka, a riƙa haɗawa da 'yan tsaki jefi-jefi. Kuma kada a bar ɓera mai rai ya kwana da mesa, don in ba ta da niyyar ci, shi zai gaigaye ta.

Haka ba za su gaya maka ka fitar da akwatin daga ɗaki kafin a fesa maganin sauro ko a zuba piya-piya ba, ko ka nisanta shi da hayaƙin turaren wuta. Maciji ba ya iya tari, abin da ya shiga masa hanyar numfashi da wuya yake fita.

Sannan su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Masu kiwo don sayarwa suna cewa ƙaramar roba mai murfi ta isa, wai ai a rami take rayuwa. Wasu suna cewa babba tana buƙatar akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Ni ina tare da na biyun, kuma ba don ra'ayi kawai ba. Wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 2021 ya kwatanta hanyoyin biyu, ya ga waɗanda ke da fili suna hawa suna miƙewa suna nuna ɗabi'un da na cikin roba ba su da halin yi. Tun 1998 ma, binciken Luiselli da Angelici a kudu maso gabashin Nijeriya ya nuna mazansu suna hawa bishiya suna cin tsuntsaye. Wanda ke da mesa ɗari biyu yana da dalilin son ƙaramin mazubi, kai mai ɗaya ba ka da shi.

Ana gane ƙungiyar kirki da abu biyu. In ka kawo matsala, kafin kowa ya ba ka magani za a tambaye ka zafi nawa, laima nawa, yaushe ta ci, nauyinta nawa. In kuma abin ya shafi numfashi ko rauni, za a ce ka tafi wurin likita. Inda aka ga hoto ɗaya aka faɗa maka sunan allura, ka fita.

Rubutattun jagorori na likitoci

Waɗannan sun fi bidiyo nutsuwa. Kundin MSD Veterinary Manual yana intanet kyauta, yana da sashe kan dabbobi masu jan ciki, kuma likitoci ne suka rubuta shi suke sabunta shi. Ƙungiyar RSPCA ta Ingila, mai kare dabbobi daga cutarwa, ita ma tana da takardar kula da wannan mesa. Ba sa tallar kaya, kuma abin da ka karanta yau ba zai juye gobe ba. Rauninsu shi ne da Turanci suke, wani wurin Turancin asibiti, ba sa amsa tambaya, kuma su ma ba su san hunturu ba. Haɗarinsu ɗaya ne: mutum ya ga sunan magani da adadinsa ya ɗauka ya zama likita.

Likitan dabbobi

Shi ne mafi tsada, kuma shi kaɗai ne zai ɗauki mesar a hannu, ya buɗe bakinta, ya duba kashinta a na'urar hangen ƙwayoyin cuta. Gaskiyar magana, yawancin likitocinmu aikinsu na yau da kullum kaji ne da shanu da awaki da karnuka. Wannan ba aibi ba ne, abin da ake kawo musu ke nan. Don haka ka kira tukuna ka tambaya cikin ladabi: "Likita, don Allah kun taɓa duba maciji? In ba ku taɓa ba, wa za ku tura ni wurinsa?" Wanda ya ce bai taɓa ba amma zai duba littafi ya tuntuɓi abokan aiki ya fi wanda ya zaro allurar da yake yi wa kare. Jikin maciji yana sarrafa magani a hankali, gwargwadon zafin wurin da yake, shi ya sa wasu allurai sai bayan kwana uku ake maimaita su. Ka kuma tabbata likita ne mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, ba mai shagon maganin kaji ba.

Mu a Kaduna mun yi sa'a da Zariya. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun shekarun 1960, da asibitin koyarwarta a Samaru, tafiyar kusan kilomita 80. A asibitin koyarwa akwai ɗakunan gwaji da malamai masu fannoni daban-daban, don haka in abu ya gagari asibitin cikin gari, can ne ya fi dacewa a nufa. In za ka je, sa mesar a rigar filo mai tsabta, ka ɗaure bakin, ka sa a kwali mai ƙofofin iska. Kada ta shiga but ɗin mota, kada rana ta doke ta ta gilashi. Ka tafi da littafinka da sabon kashinta a leda in akwai. In motar haya za ka shiga daga Kawo, ka yi tunanin sauran fasinjoji, shatar mota ko ta aboki ta fi kwanciyar hankali.

Abu ɗaya nake roƙo a nan: kada a ba maciji maganin mutane. Farasitamol da muke sha kullum, da shi ake kashe macizai a tsibirin Guam, ana cusa shi cikin mataccen ɓera a jefa musu. Maganin kaska na shanu da kananzir su ma ba su da wuri a jikinta.

Gogaggen mai kiwo na nan gida

Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya riƙe mesa ɗaya ta ƙetare hunturu da bazara sau da yawa a Barnawa ko Malali ya san inda ake samun fararen ɓeraye, ya san cewa fasasshiyar tukunyar ƙasa tana yin maɓoya mai sanyi, ya san ɓawon kwakwa yana riƙe laima, kuma garin katako daga wurin masu yanka ba abin yarda ba ne tunda ba a san itacen ko maganin da aka fesa masa ba. Samunsa ne aiki, don masu kiwon maciji a nan ba sa shela, saboda mai gida da maƙwabta da zargin tsafi. Ma'aikatan gidan namun daji na Jos ko na Kano su ma sun san wani abu. Ka gwada shi da tambaya biyu: shekara nawa mesarsa ta yi a hannunsa, kuma za ka iya ganinta? Lafiyayya jikinta a cike yake, ƙashin bayanta bai fito ba, fatarta sumul, harshe yana ta fita.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin samu | Haɗari | Sanin Kaduna |
|---|---|---|---|---|---|
| Mai sayarwa ko gardi | Kyauta | Kaɗan | Mai sauƙi | Babba | Ya san daji, bai san kiwo ba |
| Bidiyo da ƙungiyoyi | Kuɗin data | Tana sauyawa | Kowane lokaci | Matsakaici zuwa babba | Kusan babu |
| Jagororin likitoci | Kyauta | Sosai | Sai mai Turanci | Kaɗan | Babu |
| Likitan dabbobi | Mafi tsada | Sosai | Sai an nema | Kaɗan in ya san maciji | Akwai |
| Gogaggen mai kiwo | Kyauta ko ihsani | Gwargwadon mutumin | Da wuya | Matsakaici | Sosai |

Wace ta dace da wa

In ba ka saya ba tukuna, fara da rubutattun jagorori, sannan ka nemi bayanin doka, ka samo likita da tushen abinci kafin mesar ta shigo gida. Ka shawarci iyalinka da mai gidan da kake haya. Hukuncin addini kuwa tambayar malamai ce. In gidan akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ko mai juna biyu, ka sake tunani, don macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, kuma wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi dole ne.

In kana shirya akwati ko kana son sanin yadda saɓa take tafiya, bidiyo ya isa, muddin ka juya lambobin zuwa namu ma'aunin kuma ka gwada su da na'urarka a ɗakinka, da rana tsaka da kuma asuba.

In matsalarka ta yanayi ce, saɓa mai mannewa a Janairu ko zafin Afrilu, nemi mai kiwo na gida. Kafin ka same shi, ka rufe rabin ragar saman akwatin da hunturu, ka sa maɓoya mai ɗan jiƙaƙƙen tsumma a ciki. Da bazara kuma ka sauke akwatin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi.

In ta ƙi ci, kada ka ruɗe. Babba takan yi makonni ko watanni tana ƙin abinci, musamman da rani, kuma dama cinta bai wuce sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14 ba, jaririya kuma duk kwana 5 zuwa 7. Duba zafi da maɓoya, ka rage ɗaukarta, ka auna ta duk mako biyu. In nauyi yana tsaye, ka yi haƙuri. In ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari, ko jaririya ce, lokacin likita ya yi, kuma kada ka yarda wani ya ce ka ɗura mata abinci da ƙarfi.

In kuwa ka ji tana fito wajen numfashi, ko ka ga kumfa ko majina a baki, ko tana buɗe baki tana ɗaga kai sama, ko akwai ƙuna, ko cizon ɓera, ko jajayen tabo a cikinta, ko ta amayar da abinci fiye da sau ɗaya, babu sauran tambaya a intanet. Ka kira likitan cikin gari a ranar, in ya ce abin ya fi ƙarfinsa ka kama hanyar Samaru.